Lefe, JAMB da 'kwantai': Da wa Kaduna ta fi kama, Sin ko Amurka?

Wata Asabar, bayan an shafa fatihar wani ɗaurin aure a Masallacin Sultan Bello, jama'a suka ɗunguma zuwa Unguwar Dosa wurin walima. Ana zaune a rumfa ana jiran abinci sai gardama ta sarƙe tsakanin abokan ango biyu. Ɗaya injiniya ne da ya yi shekara biyar yana karatu a ƙasar Sin. Ɗayan kuma a Amurka ya yi digirinsa na biyu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne lissafin da wani ya yi a fili na abin da ango ya kashe, tun daga kuɗin gaisuwa zuwa lefe da hayar gida. Injiniyan ya ce wannan wasan yara ne a kan abin da saurayi ke gani a Sin. Na Amurka ya ce duk wahalar banza ce, domin a can mutum biyu kan shiga ofishin hukuma su sa hannu, su fito a matsayin mata da miji tun shayi bai huce ba.

Kawun ango yana gefe yana saurare. Yana da 'ya da ta kammala sakandare, ta samu maki mai kyau a JAMB, kuma wani yaron kirki ya turo magabatansa. Da suka lafa, sai ya tambaye su, a cikin ƙasashen nan biyu wace ce ta ci riba? Aka yi dariya, aka kawo shinkafa, maganar ta bi ruwa. Amma tambayar ta cancanci a zauna mata.

Baƙin da suka daɗe a gari

Babu baƙuwa a Kaduna cikin ƙasashen biyu. Tun a 1964 attajirin nan na Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kakuri, tsallaken kogi, wadda ta ciyar da dubban gidaje. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2016, kamfanin CCECC na Sin ne ya shimfiɗa layinsa, kuma shi ya gina sabuwar gadar Kawo. Sashen Hausa na Rediyon Sin yana magana tun 1963. Kafin duk wannan ma, kowane ɗan makarantar allo ya san maganar neman ilimi ko da a birnin Sin ne, duk da malaman hadisi da dama sun ce ba ta inganta ba.

Amurka kuwa ta taɓa buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Kaduna, kuma a shekarun 1960 matasanta na Peace Corps sun koyar a makarantun sakandaren Arewa. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, fasalinsa na Amurka ne. A zangon karatu na 2023/2024, ɗaliban Najeriya a jami'o'in Amurka sun kai kimanin 20,000. Na Sin a can sun haura 277,000, wato su kansu Sinawan ba su raina karatun Amurka ba.

Jarrabawar da ke tsayar da gari

A Sin, rayuwar yaro kusan gaba ɗaya tana fuskantar kwanaki biyu zuwa huɗu ne na watan Yuni. Ranar 7 ga wata ake fara gaokao, jarrabawar shiga jami'a. A 2024 ɗalibai miliyan 13.42 suka yi rajistarta. Masu zana JAMB a duk faɗin Najeriya ba su wuce kimanin miliyan biyu ba.

A ranakun jarrabawar ana dakatar da aikin gini kusa da makarantu, ana hana direbobi danna hon, 'yan sanda kan ɗauki ɗalibin da ya makara a babur su kai shi. Iyaye kuma suna tsaye cirko-cirko a bakin ƙofa. A yawancin larduna maki 750 ne jimilla, kuma bambancin maki kaɗan na iya raba ɗan manomi da babbar jami'a a Beijing.

Wannan abu yana da saiwa. Kimanin shekara 1,300 sarakunan Sin suna zaɓen ma'aikatan mulki ta hanyar jarrabawa, sai a 1905 aka soke tsarin. Gaokao ita ma an rufe ta a zamanin juyin al'adu na Mao, aka dawo da ita a 1977. Shi ya sa Basine ke kallon jarrabawa a matsayin ƙofa ɗaya da talaka zai bi ba tare da ya san kowa ba. Kuma tun da dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, yaro guda kan tashi da burin mutum shida a kansa, iyaye biyu da kakanni huɗu. Cin jarrabawarsa mutuncin gida ne, faɗuwarsa kuma abin kunyar dangi.

Abin ya yi yawa har gwamnati da kanta ta tsorata. A Yulin 2021 ta haramta kamfanonin lesin na neman riba a manyan darussan makaranta, ta kuma rage aikin gida. Wata guda bayan haka ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku kacal a mako na wasannin intanet. Lesin dai bai mutu ba, ya koma ɓoye ne, ya ƙara tsada.

Amurka ba ta da irin wannan rana guda. Jami'a kan duba sakamakon yaro na shekara huɗu, da wasiƙar malamansa, da rubutun da ya yi a kan kansa, da wasanni ko aikin sa kai. Akwai jarrabawar SAT, amma jami'o'i da yawa sun daina wajabta ta a lokacin korona, kafin irin su MIT da Harvard su dawo da ita. A aji ana so yaro ya yi tambaya, ya ja da malami, ya faɗi ra'ayinsa. Wanda ya fara karatun likita ya ga ba ya so, yana iya komawa tarihi, kuma ba lallai a kira taron dangi ba.

Sai dai 'yancin da kuɗinsa. Bashin karatu da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.7, a wuyan mutum fiye da miliyan 40. A jami'ar gwamnati ta Sin kuwa, kuɗin makaranta na shekara yakan tsaya ne wajen yuan 5,000 zuwa 6,000. Sannan tsarin duba "mutum gaba ɗaya" yana da ƙofar baya: ɗan mai kuɗi ne ke da halin koyon kiɗa da wasan ninƙaya da zai cika takardarsa, wasu jami'o'in ma suna fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu.

A 2011 Amy Chua, farfesar shari'a a Jami'ar Yale, ta fitar da littafi kan yadda ta yi wa 'ya'yanta mata biyu tarbiyyar Sinawa a tsakiyar Amurka: babu kwana gidan ƙawa, babu talabijin, babu sakamakon da bai kai na ƙoli ba. Amurkawa suka yi ca a kanta, aka laƙaba wa irinta suna uwa damisa. Da a Malali ko Unguwar Rimi ta yi haka, da cewa za a yi Hajiya ba ta wasa da tarbiyya, a wuce wurin.

Domin kuwa a wannan fanni, gidajen masu hali a Kaduna Sinawa ne. Dubi ranar yaro: boko daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa biyu, Islamiyya daga la'asar zuwa magariba, malamin lesin da daddare, hadda Asabar da Lahadi. Kwas ɗin da zai karanta ma sau da yawa Baba ne ke zaɓa, kuma zaɓin bai cika wuce likita, lauya, injiniya ko NDA ba. Bambancin shi ne a Sin wannan naci ya game ƙasa, har ƙauye. A nan kuwa ya tsaya a gidajen da ke iya biyan makarantar kuɗi. Ba a manta da 2017 ba, lokacin da malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 na jihar suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu.

Ta fuskar biyan kuɗi kuma, hanyar Amurka muka fara bi. A 2021 kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna ya tashi zuwa naira 150,000, kafin Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000 a 2023. A 2024 asusun NELFUND ya fara ba ɗalibai bashin karatu. Babu ruwa a bashin, amma bashi sunansa bashi.

Gida, mota, sannan a yi magana

Wurin aure ne injiniyan nan ya fi gaskiya. A Sin akwai abin da ake kira caili, kuɗin da dangin ango ke kai wa gidan amarya. A wasu yankunan karkara, musamman lardin Jiangxi da ya yi ƙaurin suna, yakan haura yuan 200,000, abin da ya fi kuɗin shigar manomi na shekaru. Ana son adadin ya ƙunshi lamba takwas, wadda suke ɗauka ta sa'a ce. Bayan wannan, surukai na sa ran ango ya mallaki gida, ba haya ba, wani lokaci har da mota. Iyaye kan zuba ajiyar rayuwarsu don su biya wa ɗansu kafin alƙalami na gida.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Dokar ɗa ɗaya ta haɗu da son ɗa namiji, sai ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35. Matan karkara kuma suna tafiya birni. Namijin da ya rage a ƙauye babu mata, sunansa a can "reshe marar ganye". Mu da mun ce tuzuru.

Gwamnati ta sha yin yaƙi da tsadar caili, kuma a Janairun 2024 kotun ƙoli ta fitar da ƙa'idojin lokacin da za a mayar da kuɗin idan aure bai yiwu ba ko ya mutu da wuri. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ya ji ana ƙirga akwatuna da turamen atamfa bayan an fasa aure, zai gane wannan shari'a ba tare da tafinta ba.

Amma akwai bambanci babba. Sadaki haƙƙin amarya ne ita kaɗai, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Caili a al'adance hannun iyaye yake shiga, wasu ma da shi suke yi wa ƙanin amarya aure. Abin da ke karya saurayin Kaduna ba sadaki ba ne, lefe ne da abin da ke biye da shi: saitin akwatuna, atamfa, leshi, shadda, takalma da jakunkuna, sannan kamu, dina da anko. Wani abin dariya, ko na takaici, shi ne yawancin akwatunan da atamfofin da ake saya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi daga Sin aka shigo da su, a garin da a da masaƙunsa ke tufatar da Arewa. Ta wajen muhalli dai surukan Kaduna sun fi sauƙi. Ciki da falo na haya a Badarawa ko Hayin Banki ya wadatar.

Nauyin da ba a cika faɗa ba shi ne na uban amarya: gado, katifa, kujeru, kayan kicin, sannan gara. A nan, abin mamaki, da Amurkawa muka yi kama, domin a tsohuwar al'adarsu dangin amarya ne ke ɗaukar nauyin biki. Abokinmu na rumfa bai faɗi ƙarshen labarin ba. Gaskiya ne babu sadaki babu lefe, sai zobe, kuma ana iya ɗaurawa a ofis. Amma masu yin biki, binciken shafin The Knot ya nuna matsakaicin abin da suke kashewa ya haura dala 30,000.

Wa ke zaɓa?

Dokar aure ta Sin ta 1950 ta haramta auren dole da auren mace fiye da ɗaya. Yau namiji sai ya kai 22, mace 20, kafin hukuma ta ɗaura. Sai dai doka ba ta cire hannun iyaye ba. A wani lambu da ke tsakiyar Shanghai, duk ƙarshen mako iyaye kan jera lemomi a ƙasa, kowace da takarda a manne: shekaru, tsawo, digiri, albashi, da ko akwai gida. Sau da yawa 'ya'yan ba su ma san an kai su ba. Masu shafukan dalilin aure a Facebook da WhatsApp a nan Kaduna, aikin ɗaya ne, lema ce kawai babu.

Biyayya ga iyaye ginshiƙi ce a koyarwar Confucius, har a 2013 doka ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi. Kaka ce ke rainon jika yayin da ma'aurata ke wurin aiki. Mai jego kuma tana zaman wata guda a ɗaki, ana ba ta abinci mai ɗumi, ana hana ta shiga sanyi. Kwana goma kacal ya raba wannan da arba'in ɗin wankan jego.

A Amurka mutum ne ke zaɓa, daga baya ya sanar da iyaye. Kuma aure ya zama abu na ƙarshe, bayan karatu da aiki da zama da ƙafafu. Matsakaicin shekarun auren fari ya kai kimanin 30 ga maza, 28 ga mata. Cibiyar Pew ta gano a 2019 cewa cikin masu shekara 18 zuwa 44, waɗanda suka taɓa zaman tare babu aure sun fi waɗanda suka taɓa aure yawa, kashi 59 da kashi 50. A 2021, ɗaya cikin huɗu na masu shekara 40 bai taɓa aure ba. A 1980 kashi shida ne kacal. Wannan ɓangare ne da babu uban da zai saurara a Tudun Wada ko Kawo, kuma abokinmu ya yi hikima da bai kawo shi a gaban Kawu ba.

Kwantai

Ga inda lamarin ya shafi 'yar Kawu. Sinawa suna da laƙabi ga macen da ta haura shekara 27 ba ta yi aure ba: sheng nu, wato ragowa. Fassararta da Hausa tana nan a shirye, kwantai, kalmar da asalinta ta kayan da ba su shiga a kasuwa ba ce. Kuma a ƙasashen biyu, waɗanda aka fi jifa da ita su ne masu ilimi. A Sin ana tsokanar cewa mace mai digirin digirgir jinsi ce ta daban. A nan ana cewa ta fi ƙarfin miji, ko idonta ya buɗe da yawa.

Tsarin Sin shi ne a gama karatu tukuna. Soyayya a sakandare laifi ne da ake kiran iyaye a kansa, kuma har zuwa 2005 ɗalibin jami'a ba shi da izinin aure. Yarinya na fitowa da digiri kuma sai dangin da suka hana ta kallon namiji su fara tambayar ina mijin.

Matan Sin da yawa sun amsa da ƙin yin auren. A 2013 an yi rajistar aure kusan miliyan 13.5. A 2024 adadin ya faɗo zuwa miliyan 6.1, ƙasa da rabi. Yawan jama'ar ƙasar ya fara raguwa a 2022, karon farko cikin shekara 60. Gwamnatin da ta yi shekara 35 tana hana haihuwa yanzu roƙo take: ta halatta 'ya'ya uku a 2021, ta sa wa masu neman saki wa'adin kwana 30 na sake tunani, a Mayun 2025 ta sauƙaƙa rajistar aure, sannan ta fara biyan yuan 3,600 a shekara kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku.

A Amurka abin ya juya. Masu digiri, har da mata, su ne suka fi yin aure a yau, kuma aurensu ya fi daɗewa. Waɗanda aure ya fi kuɓuce wa su ne marasa digiri da ƙananan ma'aikata. Wato a can karatu ba ya korar miji, rashin abin hannu ne ke korar aure.

Arewa maso Yamma tana wani wuri daban da duka biyun. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna matsakaicin shekarun auren fari na mata a shiyyar kusan 16 ne, alhali na ƙasa baki ɗaya 19. Amma wannan lissafi ya haɗa ƙauye da birni. A cikin garin Kaduna, tuzuru mai shekara 35 da digiri a aljihu ba abin kallo ba ne yanzu, kuma dalilinsa ɗaya da na takwaransa na Sin: aiki, haya da akwati. Kano ta tunkari matsalar da auren gata, inda a Oktoban 2023 aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 a lokaci guda. Sakkwato kuma ta yi dokar rage almubazzaranci a bukukuwa a 2023.

Abin da muke da shi wanda ba a cika gani a Beijing ba, shi ne haɗa biyun. Ka tsaya a ƙofar KASU ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da safe, za ka ga maigida ya sauke matarsa, ga jaka ga goyo, wani lokaci da ƙanwa mai riƙon jariri a bayan aji. Akwai likitoci da lauyoyi da malaman jami'a mata da yawa a garin nan da a ɗakin miji suka yi digirinsu.

Wannan hanya tana tafiya ne a kan sharaɗi guda da ake faɗa ranar gaisuwa ko sa rana: za ta ci gaba da karatu. Magabatan ango su ce ai wannan ba matsala. Matsalar ita ce da baki ake faɗa, ba a cika rubutawa ba. Kowa ya san wadda aka cika wa alkawarin, kowa kuma ya san wadda ciki na fari ya zo, aka ce ta ɗan huta zango ɗaya, zangon ya zama shekara goma. Idan abin ya lalace, ita ce ke asara biyu, domin idan auren ya mutu ba ta da takarda ba ta da ɗaki. Malamai da dama sun yi bayani kan sharuɗɗan da ake gindayawa a aure da yadda ake tabbatar da su, amma iyaye da yawa suna jin nauyin neman a sa a takarda, kada a ce ba su yarda da surukai ba.

Akwai kuma lissafin aljihu, wanda shi ne ainihin abin da ke hana Kawu barci. Fili ɗaya gare shi a Rigasa. Idan ya sayar, kuɗin zai yi kayan ɗaki, ko ya yi shekara huɗu na jami'a, amma ba zai yi duka biyun ba.

Makonni bayan walimar na sake haɗuwa da shi. Ya ce ya ba magabatan yaron amsa: a bari ta shiga aji biyu, kuma sharaɗin karatu a rubuce yake son sa, da sa hannun waliyyai da shaidu. Kayan ɗaki kuma abin da ya sawwaƙa zai yi, ba zai sayar da filin ba. Sun ce za su je su yi shawara. Har ranar da muka yi magana ba su dawo ba, ita kuma yarinyar tana jiran fitowar sunayen waɗanda aka ɗauka.